Na Je Zariya Neman Labarin Sarkin Fada

Da hantsi muka taso daga Kano, muka bi ta Kwanar Ɗangora, na sauka a Kwangila. Keke Napep ya ratsa da ni Tudun Wada, muka shiga birni ta Ƙofar Doka har ƙofar fada. Ranar Juma'a ce, fili ya cika. Dogarai da jajayen rigunansu suna ta gyara wa manya hanya, masu algaita na gefe.

Na fara sallah a masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, sannan na zauna kusa da wani dattijo ina kallon masu shiga gaisuwa. Kowa ya san inda zai tuɓe takalmi, da inda zai faɗi, da wanda zai riga shi.

Na ce, "Baba, wa ya tsara duk wannan?"

Ya ce, "Yaro, fada da masu ita. Ka nemi labarin Sarkin Fada."

Tsohuwar sarauta ce, ta girmi jihadi. A zamanin sarakunan Haɓe shi ne shugaban fadawa, wato waɗanda kullum suke gaban Sarki, su raka shi, su kai saƙonsa. A lokacin Galadima da Wambai da Dallatu babanni ne, wato mazan da aka dandaƙe, Madawaki kuma shi ke riƙe da mayaƙa. Da Malam Musa, jagoran Fulani masu jihadi, ya karɓi Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, suka tafi da tsarinsu, har ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Fulani ba su zubar da sarautun ba. Sun sauya masu riƙe su ne, sarautun babanni suka koma hannun 'ya'ya, wato waɗanda ba bayi ba, ta Sarkin Fada kuma ta ci gaba.

Abin da ya fi burge ni ke nan. Mulki ya yi ta zagayawa tsakanin gidajen sarauta na Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, Turawa sun zo sun tafi, Shehu Idris ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020, Ahmed Nuhu Bamalli ya gaje shi, amma ladabin zaman fada yana nan. Yana damuna yadda samarinmu ke ɗaukar hoton dawaki ranar Hawan Daushe ba tare da tambayar aikin waɗannan masu rawani ba.

Bayan la'asar na yi wa Baba sallama, na nufi Sabon Gari neman masauki.