Na kai littafi Laburaren Ƙasa a Abuja

Jirgin safe na hau daga Rigasa na sauka a Idu, da kwafi uku na littafin da muka buga a jakata. Dokar 1970 ce ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai wa Laburaren Ƙasa kwafi uku don ajiya. Da na faɗa wa direban tasi inda za ni, wani dattijo Bazazzage, sai ya waigo ya ce, "Malam, wanda ake ginawa ko inda suke haya?"

Na ce, "Baba, mu fara da wanda ake ginawa."

Ginin yana tsakanin Masallacin Ƙasa da babban cocin ƙasa. Tun 2006 aka ba da kwangilarsa, amma ranar da na je tagogi a wangale suke, roduna sun yi tsatsa, ciyawa ta kai gwiwa a bakin shingen kwano. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mu 'yan Kaduna mun san aikin da babban laburare yake yi.

A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna. Tun kafin nan akwai ɗakunan karatu na En'e a garuruwa, inda ake zuwa karanta jarida da jin labarin yaƙin duniya, sai dai littattafansu ba su taka kara sun karya ba. Kaduna ce ta riƙa sayen littattafai, ta jera su, ta zuba a akwatuna ta aika larduna, idan an karance a dawo da su a karɓi wasu. Ita ce kuma take koya wa masu kula da ɗakunan yadda ake aikin. Rumbu guda ne ake ɗiba ana kai wa kowa. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, aka raba kayan, kowace jiha ta ji da kanta, wasu suka riƙe, wasu suka saki.

Laburaren Ƙasa kuwa a Legas aka buɗe shi a 1964. A ofishinsu na haya a Abuja, inda na kai kwafin, wata ma'aikaciya ta duba lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ta shigar da sunan littafin a rajista. Na tambaye ta ko kwafi ɗaya zai kai ɗakin karatun ƙaramar hukumarmu. Ta ce, "Malam, wannan na ajiya ne. Na garinku sai hukumar laburaren jiharku ta saya ta aika musu."