Gyaran gefen fata: jimar bagaruwa daban, jimar kurom daban

Har yanzu raina bai gama hucewa ba a kan ƙirgin da aka sayar mini da sunan jimar itace, alhali da kurom, gishirin da kamfanoni ke jima da shi, aka fara jeme shi, daga baya aka bi samansa da jimar itace don ya yi launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin da muka saba. Fuskarsa ba laifi, taurinsa ya isa bel, kaurinsa ya kai milimita 3 da rabi. Sai da na gama tsaga shi na huda ramuka, na zo gugar gefe, sannan ya nuna halinsa. Na jiƙa, na goga, gefen ya kwanta kamar abin arziki, da ya bushe sai gashi ya sake miƙewa. Na shafa ƙaro na ƙara ƙarfi, haka dai. Kuɗin aikin kuwa an riga an yanke shi a kan guga, ba a kan fenti ba.

Dalilin a cikin jimar yake. Sinadarin da ke cikin 'ya'yan bagaruwa da ɓawon itatuwa yana cika tsakanin zaruruwan fata ya daskare a ciki. In ka ba shi danshi, ka danna, zafin guga ya shiga, sai zaruruwan su matse su manne da juna, su zauna a haka. Gishirin kurom ba ya cika fata haka. Yana barin zaruruwan da laushi da tsalle, shi ya sa fatar kamfani ta dace da saman takalmi da jakar mata da kujerar mota, kuma shi ya sa duk yadda ka danna gefenta sai ya dawo. Ko ka kwana kana guga, abin da za ka samu bai wuce ɗan santsin da ƙaro ya ba ka ba, shi ma mako ba zai zagayo ba ya fashe.

Fatar bagaruwa ta gaskiya ba ta wahalar da mutum in an bi ta a jere. In falle biyu ne, gam ya kai har bakin gefe, domin duk inda bai kai ba sai layi ya buɗe a tsakiya bayan guga. Bayan ɗinki a daidaita gefen da aska mai kaifi a yanka ɗaya. Sai samfefa mai lamba 220, sannan 400, a naɗe ta a jikin ɗan katako, a riƙa ja ta gefe guda, kada a yi gaba da baya. Samfefar da aka riƙe da yatsa zalla tana bin ramuka ne, ba ta baje su. Daga nan a kashe kaifin kusurwa sama da ƙasa da ƙarfen fiƙe gefe, wanda ba shi da shi kuma ya karkata askarsa a hankali. In za a sa rini, yanzu ne lokacinsa, kafin komai ya taɓa gefen. Ƙaro ko kaki in suka riga shiga, rinin ba zai ci ba, sai ya fito dabbare-dabbare.

Ruwan jiƙawa ɗan kaɗan ne, a ɗiga a yatsa a shafa har launin ya ɗan yi duhu. In ya yi yawa gefen yana kumbura ya baje, ya yi leɓe a fuskar fatar, kuma wannan leɓen sai an koma samfefa. Ruwan ƙaro ni tsararo nake yin sa, kamar kashi ɗaya na ƙaro cikin kashi biyar na ruwa, a jiƙa ya kwana a tace. Mai kauri yana ba da ƙyalli nan take, amma ƙaro in ya bushe karyewa yake yi, da an lanƙwasa bel sai ka ga ya tsattsage. Tokonole, man gugar gefe na Japan, ya fi shi jure lanƙwasa, ga wanda ya samu. A goga da katako mai tsagi daidai kaurin fatar, ko da ƙyallen tamfol mai kaushi. Sauri ake so, ba danniya ba. Za ka ji ƙarar ta canza ta koma ƙis-ƙis, hannu ya fara zamewa, to ya kama. A bar shi ya bushe, a bi da 600 sama-sama, a sake shafawa a sake gogawa. Zagaye biyu ko uku sun ishi bel. Kakin zuma shi ne na ƙarshe, a goga har ya narke ya shige. Masu ɗaura katakon a inji su kula, gudu in ya yi yawa gefen ƙonewa yake yi, ya yi baƙi ya yi tauri, kuma ƙunar ba ta gyaruwa sai an yanke.

Duk wannan na yi wa ƙirgin nan, kuma abin da ke ci mini rai shi ne gwajin da zai tona asirinsa bai fi minti biyar ba. Yanzu ko a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano nake ciniki ko a hannun wanda na daɗe da sani, sai an yanko mini ɗan ƙyalle daga wajen kauri kafin mu yi maganar kuɗi. A dubi cikin yankan a haske. Jimar bagaruwa launinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, ja-ja ko ruwan ƙasa. Kurom yana barin layi mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi a tsakiya, irin launin fatun da ke fitowa jiƙe daga gangunan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa kafin a rina su. Sai dai in rinin ya ratsa har ciki, ido ba zai gane ba, kuma ƙirgin nawa haka yake. Nan sai tafasasshen ruwa: jimar itace tana shiga za ta ƙanƙance ta murɗe ta yi tauri, kurom kuwa zai fito kusan yadda ya shiga. Ko a ƙona ɗan guntu a waje inda iska take, tokar kurom kore-kore take fitowa. Mafi sauƙi ma, a lashi yatsa a shafa gefen ƙyallen a goga a jikin wando. In bai yi ƙyalli ba a nan, ba zai yi a shago ba.

Da ya tabbata guga ba za ta yi ba, fentin gefe na koma, irin na ruwa da ake kawowa daga Italiya kamar Fenice da Giardini. Aikinsa ya sha bamban. Ba a fiƙe kusurwa sosai, domin fentin yana son gefe mai faɗi da zai zauna a kai, shi da kansa yake yin tudun. Ba a shafa ƙaro ko kaki a ƙarƙashinsa ko kaɗan. Ni da na riga na shafa, sai da na kankare gefen kowane bel da 220 har na kai sabuwar fata, faɗin ya ragu, wannan ma asara ce. Shafin farko siriri ne, aikinsa ya shige cikin zaruruwa ya kama su. In ya bushe sarai sai a bi da 400 har ya baje, ko da rabin fentin ya tafi. A sake shafawa da tsinke ko bakin basilla, a ja ɗigon a hankali kada ya gangaro fuska. Shafi uku zuwa huɗu ne, kowanne da jiran bushewa da samfefa a tsakani, na ƙarshe kaɗai ake bari ba a taɓa ba. Wanda ya gaji ya zuba shafi ɗaya mai kauri, sama za ta bushe ciki na ɗanye, ranar da aka lanƙwasa sai ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rake. Da damina jiran yana ninkuwa. Da hunturu yana saurin bushewa, amma ƙura tana manne masa, sai an kifa kwali a kai. Aikin da guga za ta gama da hantsi, fenti sai ya ci wuni biyu, kuma ba wanda ya biya ni wannan bambancin.

Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman gargajiya ke jemewa, jimar bagaruwa ce tsantsa, amma ita ma kada a ce dole sai guga. Kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, kuma majema sun sa mata mai sun murza ta har ta yi laushi, falle ɗaya ba ya tsayawa a ƙarƙashin katako. In an haɗa falle biyu ko uku da gam, kamar a bakin alabe, tana goguwa da kyau, a kwantar da ita a bakin tebur a goga da ƙyalle. In falle ɗaya ne, hanyar dukawa ta fi: a fiƙe bayan gefen faɗin milimita 8 zuwa 10 har kaurin ya ragu da rabi, a shafa gam, a naɗe, a daddanna, a bi da ɗinki. A wajen kwana a tsattsaga abin naɗin ƙanana-ƙanana, in ba haka ba zai tattare ya yi ƙullutu. Fatar kurom mai laushi ma naɗin nan ya fi mata fenti, ko a yi mata baki da siririyar fata a ɗinke.

Wadda ta fi kowace gardama ita ce fatar da aka shayar da mai da kaki, irin wadda in ka lanƙwasa launinta ke washewa. Guga ba ta kama ta, fenti kuma man yana ture shi daga ƙasa, ko ya zauna yau zai ɗago. Wannan a yanka ta da aska mai kaifi sosai, a ɗan kashe kusurwa, a shafa kakin zuma da ƙyalle a bar ta haka, kuma a gaya wa mai kaya tun kafin a karɓi kuɗinsa cewa gefen ba zai yi ƙyalli ba.