Yadda na bi sawun wata tsohuwar motar tsere ta lambar casis

Kafin maigidana ya yarda in riƙe sufana a garejinsa, sai da ya koya mini abu guda: in an kawo mota kada in yarda da fenti, kada in yarda da lambar gaba da baya, in durƙusa in nemo lambar casis, wato lambar da aka buga a jikin ƙarfen ƙashin motar. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ban zaci wannan karatun zai yi mini rana a kan motar da ban taɓa ɗora wa hannu ba.

Ɗan yayata ne ya dawo daga karatu a Ingila, ya kawo mini tsarabar 'yar motar ado, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Shuɗiya ce mai haske, da ratsin ruwan goro daga hanci har baya, an rubuta lamba 6 a ƙofa. Ya ce, "Kawu, wannan Ford GT40 ce, ita ta ci Le Mans a 1969." Na ajiye ta a kan akwatin kayan aiki. Bayan 'yan kwanaki ina duba waya sai ga hoton irinta sak, amma da lamba 9, an ce ita ta ci a 1968. Na nuna masa na ce ashe su biyu ne. Ya ce, "A'a Kawu, mota ɗaya ce." Na ce ba ta saɓuwa. Motar da ta kwana ta wuni tana gudu babu hutu, a sanina ta gama yawo, balle a ce ta koma bayan wata tara ta sake cin tseren.

Gardamar nan ce ta sa na sayi littafin rubutu, na riƙa zama bayan sallar isha'i ina bin sakamakon tsere ɗaya bayan ɗaya. Yaron yana karanta mini abin da ya fi ƙarfin Turancina.

Ga wanda bai sani ba, Le Mans gari ne a Faransa, kuma tun 1923 ake tsere a can na awa 24 cur. Wanda ya fi cin nisa kafin lokaci ya cika shi ne gwani. A shekarun da nake magana kewaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 13, direbobi biyu suna karɓa-karɓa a mota guda.

Makon farko na ɓata shi ne saboda na bi lambar ƙofa. Ashe kowane tsere da lambar da masu shirya shi ke ba mota, yau 9, gobe 6. Fentin ma bai raba gardama, domin launin kamfanin mai na Gulf ne, kuma duk motocin ayarin John Wyer, Baturen Ingila da ke kula da su a garin Slough, haka aka shafe su. Sai da na koma ga karatun maigidana sannan hanya ta buɗe: sunan motar na gaskiya GT40P/1075. 'Yan'uwanta a gidan su ne 1074 da 1076, kuma a hoto ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Daga ranar na ja layi biyar a littafina, kwanan wata, filin tsere, direbobi, lambar ƙofa, lambar casis. Duk abin da na gani a wuri ɗaya kawai da fensir nake rubuta shi, sai na same shi a wuri na biyu in bi kansa da biro.

Da haka tarihin ya fito. A 1966 da 1967 kamfanin Ford da kansa ya ci Le Mans da manyan injuna masu lita 7. Sai aka sauya doka, aka taƙaita girman inji, Ford ya janye. Wyer ya ci gaba da tsohon samfurin, da inji mai silinda takwas, lita 4.9. A 1968 motar 1075 ta ci Brands Hatch a Ingila da Spa a Beljiyam, inda aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duka a hannun Jacky Ickx da Brian Redman. Ta ci Watkins Glen a Amurka da Ickx da Lucien Bianchi.

A nan na sake yin tuntuɓe. Na rubuta Le Mans na 1968 a watan Yuni, tunda a Yuni aka saba yi, na kuma sa sunan Ickx. Duka biyun kuskure ne. Yajin aiki da zanga-zangar da suka tsayar da Faransa a watan Mayu sun sa an ɗage tseren zuwa 28 da 29 ga Satumba. Kafin lokacin Redman ya karye a hannu, Ickx kuma ya karye a ƙafa a Kanada. Pedro Rodríguez ɗan Meziko da Bianchi su suka tuƙa ta, da lamba 9, suka yi kewaye 331. Bianchi bai ga tsere na gaba ba, ya rasu a wannan fili a Maris na 1969 yana gwajin wata motar.

Shafin 1969 shi na fi daɗewa a kai. A Maris ta ci tseren awa 12 na Sebring da Ickx da Jackie Oliver. Duk da haka da aka zo Le Mans a 14 ga Yuni kallon tsohuwa ake mata, domin Porsche ya zo da sabuwar 917 wadda ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Al'adar wurin a lokacin, direbobi su jeru a tsallaken titi, a kaɗa tuta, su sheƙo a guje su faɗa mota su tayar. Da yawa ba sa tsayawa ɗaura bel. Ickx ya ƙi gudu. Ya tako a hankali, ya zauna, ya ɗaure jikinsa tsaf, ya tashi a ƙarshen kowa. Ba a gama kewayen farko ba John Woolfe, wanda ya sayi tasa 917 da kuɗinsa, ya yi haɗari ya rasu. Na kalli hoton bidiyon takun nan na Ickx ya fi sau goma, kuma kowane lokaci direbobinmu na haya nake tunawa, masu rataya bel a kafaɗa in sun hango jami'ai a hanya.

Dare ya yi, gari ya waye, motocin Porsche suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke gaba, ta Vic Elford da Richard Attwood, ta tsaya saura 'yan awoyi. Aka bar Ickx da Hans Herrmann mai Porsche 908, suna wuce juna a doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne har kewayen ƙarshe. Bayan kusan kilomita 5,000, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin mita 120 ba. Lamba 6 ce a gaba. A shekarar da ta biyo aka soke tseren ƙafa zuwa mota.

A idon bakanike, abin da ya ci wannan tseren shi ne aikin gareji. Motar da aka san halinta, aka san kusoshin da ke kwancewa da inda take zafi, ta fi sabuwar da ba a gama sanin ciwonta ba. Nan ma gardamarmu da ɗan yayata ta warware. Inji, giya, birki, duk ana kwance su a sabunta tsakanin tsere da tsere, don haka abin da na faɗa game da gajiyar inji yana kan hanya. Amma ƙashin motar guda ne, kuma shi ake kira mota. Na kira shi na ce ya yi gaskiya.

Yau 1075 tana hannun wani mai sha'awar tsofaffin motoci a Amurka, akan fito da ita wajen baje koli lokaci-lokaci. Sai da na ga an sayar da 'yar'uwarta 1074 a kan dala miliyan 11 a gwanjo a 2012 na gane dalilin da ya sa masu irin waɗannan motoci ke tattalin kowace takarda da kowane tsohon hoto. Akwai motocin kwaikwayo birjik masu wannan fenti da wannan lamba 6, wasu ma sun fi ta ƙyalli, kuma hotunansu sun sha shigo mini a matsayin ta asali. Ina ganin wanda ya mallaki irin wannan mota amana ya riƙe, kuma ya kamata ya bar masu bincike su ga lambar da idonsu.

Littafin ya cika shafi goma sha ɗaya. 'Yar motar tana nan kan akwatin kayan aiki. Ranar da na gama, na juya ta na kankara 1075 a cikinta da bakin ƙusa, kuma yanzu duk sabon yaron da aka kawo mini koyon aiki ita nake fara miƙa masa in ce ya nemo mini sunanta.