Bidiyo zai nuna muku rawar Ailan, amma ba ya ganin ƙafarku

A watan Maris na 2020 ina karatu a Galway, can yammacin ƙasar Ailan, aka kulle gari saboda korona. Ko motsa jiki mutum zai fita, ba a yarda ya wuce kilomita 2 daga gidansa ba. Ni kaɗai a ɗaki, ga kewar gida, ga waya a hannu. A haka na ci karo da bidiyon Riverdance, rawar nan da Michael Flatley da Jean Butler suka jagoranta a Dablin a 1994, lokacin hutun tsakiya na gasar waƙa ta Eurovision. Wajen minti bakwai ce. Mutane sun jeru, hannuwa a miƙe a gefe kamar sojoji a fareti, ƙafafu kuwa suna zuba kamar ana lugude a gidan biki. Kafin gari ya waye na yanke cewa sai na iya, kuma ba na buƙatar kowa. Tunda wasunku, ƙannena, kuna tambayata ta ina za ku fara, bari in gaya muku inda na faɗi.

Ƙarar ce ta ja ni, saboda haka takalmin ƙarar na fara saya, na hannu, ta intanet. Shi ne mai tauri, wanda aka liƙa wa gilashin faiba a baki da dunduniya. Ban san cewa a makarantun rawar ba a ba sabon shiga wannan takalmi ba. Da mai laushi ake farawa, na fata marar dunduniya, a koyi ril da jig, wato nau’o’i biyu na rawar da kiɗanta, sai ƙafa ta yi ƙwari sannan a hau mai tauri. Ni kuwa na ɗauki abin ta wutsiya.

Babban kuskurena shi ne daɓe. A kicin nake yi, kan tayil, ƙarƙashinsa siminti. Wannan rawa kusan duk a kan yatsun ƙafa ake yinta, dunduniya a sama, kana tsalle kana dira ba iyaka. Siminti ba ya lotsawa ko kaɗan, duk nauyin da ka dira da shi ƙashinka yake komawa. Sati na uku na fara jin zafi a ƙwaurina, ta gefen ciki, in na danna da yatsa kamar an soka allura. Na ce gajiya ce, na shafa man zafi na ci gaba. Wata safiya na sauko daga gado na kasa taka ƙafar dama, da bin bango na isa banɗaki. Likita ta waya ya ce in ajiye tsalle gaba ɗaya, na yi wata ɗaya da rabi ina kallon takalmi. Abin haushi, mutanen Ailan sun san wannan tun da can. Ana ba da labarin yadda a ƙauyukansu ake cire rabin ƙyauren ƙofa a shimfiɗa a ƙasa don mai rawa ya hau, wasu ma kan tebur. Ku da kuke gida, inda kusan kowane ɗaki siminti ne, ku je wurin kafinta ya yanka muku falankin filawud mai kauri, ku sa tabarmar roba ta motsa jiki a ƙarƙashinsa. Kuɗinsa bai kai na magani ba.

Sai maganar dama da hagu, wadda har yau in na tuna sai na yi dariya. Malamar da ke cikin bidiyon tana fuskantar kyamara, ni kuma ina binta kamar madubi, sautin ma a kashe don kada in dami maƙwabta. Damanta ya zama haguna. A wannan rawa ana yin kowane taku a kan gaɓa takwas ta kiɗa, a fara da ƙafar dama, sannan a maimaita shi da hagu. Wata biyar ina farawa da hagu. Ku nemi bidiyon da aka ɗauki malamin ta baya, ku kunna sauti ku ji yana kiran ƙafar, ku rage gudun bidiyon zuwa rabi, YouTube yana da wurin yin haka. Kuma ku saurari kiɗan zalla kuna tafi kafin ku motsa ƙafa: ril bugu huɗu-huɗu ne, jig shida-shida, akwai kuma wani jig ɗin mai tara da aka fi sani da mata. Wanda bai iya ƙirga su da kunne ba, ƙafarsa ba za ta ƙirga masa ba.

Da aka sassauta doka a 2021 na shiga ajin manya na yamma a wani zauren unguwa. Na je da ɗan alfahari, ina ganin shekara guda na yi ina fama. Malamar, dattijuwa ce mai gajeren gashi, ta ce in yi mata bakwai da uku, wato takun gefe na farko da ake koya wa yara ’yan shekara biyar: taku bakwai zuwa gefe, sai uku-uku sau biyu a wuri ɗaya. Na yi. Ba ta ce komai ba, ta durƙusa ta kama idon sawuna da hannu biyu. Ta nuna mini cewa tafin ƙafata kaɗai nake murɗawa waje, gwiwa tana kallon gaba, alhali daga ƙugu juyin yake tasowa, gwiwa da yatsu su kalli wuri ɗaya. Ta ce yadda nake yi gwiwa ce za ta biya bashin. Ƙafafuna ba sa giciye, dunduniyata tana faɗuwa a taku na huɗu, kafaɗuna kuma suna rausaya ba da sanina ba. Wannan na ƙarshe ban ga laifin kaina ba, jikin da ya tashi da kalangu ba a rana ɗaya yake yarda ya sandare ba. (Da na san da tsohuwar rawarsu ta yankin Connemara, wadda suke kira sean-nós, inda ake sakin hannuwa ƙafa kuma ba ta nisa da ƙasa, wataƙila da ita na fara.)

Duk waɗannan kurakurai suna nan a fili tun satin farko, kuma wayar da nake kallon bidiyon da ita tana da kyamara. Ko sau ɗaya ban jingina ta a ƙasa na ɗauki ƙafata ba. A raina abin da nake gani a allo shi nake yi. Ku ɗauki kanku duk sati, ta gaba da ta gefe, ku ajiye naku kusa da na malamin ku duba ba sani ba sabo. In da hali, ku biya malami mai shaida ko da sau ɗaya a wata ya kalle ku ta bidiyo kai tsaye, yanzu da yawa suna yi. Shaidar da aka fi sani ita ce TCRG, ta hukumar rawar da ake kira CLRG, wadda ke Dablin. Mai burin shiga gasarsu, da suke kira feis, dole ma sai ta hannun malami mai rajista. Kuma kada ku yi mamaki in kun ga takun bidiyo ya bambanta da na aji, don kowace makaranta tana tsara nata.

Wata uku malamar ta tsare ni a kan bakwai da uku, cikin safa da takalmi mai laushi, ina warware abin da na ɗaura wa kaina. Warwarewar ta fi koyon wuya, don ƙafar hagu ta riga ta saba da shiga gaba, da an saki kiɗa sai ta yi wuf. Takalmin ƙarar nan yana ƙarƙashin gado a kwalinsa har ƙarshen shekarar, ranar da ta ce in zo da shi. Da na fito da shi ta juya shi ta duba, ta ce ya yi mini girma da lamba ɗaya.