Man giyar jirgina ya koma kalar kunun gyaɗa

A nan Minesota da zarar Oktoba ta kama sai kowa ya fara janye jirginsa daga ruwa, don nan da wata biyu zuwa uku tafkunan sun daskare har mutane na hawa kan ƙanƙarar suna kamun kifi. Ni ma ranar Asabar na ɗora nawa a tirela na kawo gida don in yi mai sabis ɗin ƙarshen shekara. Nawa irin mai inji a ciki ne, kamar injin mota, sai ƙafa a waje ta baya wadda ke ɗauke da giya da farfela, MerCruiser Alpha One. Ba irin Yamaha ɗin nan da ake rataya wa kwale-kwale a Yauri ba ne, amma daga gwiwar ƙafar zuwa ƙasa kusan duk abu ɗaya ne, don haka masu wancan ɗin ma ku saurara.

Toh na sa kwano a ƙasan ƙafar don in juye man giya, na kwance sukurun ƙasa sannan na sama don iska ta shiga, abin da ya fara ɗigowa ruwa ne zalla kamar cokali biyu, sai man ya biyo baya fari-fari mai kauri sak kunun gyaɗa. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Lafiyayyen man giya ko ya yi duhu za ka ga yana sheƙi, in ka ga wannan kalar to ruwa ya shiga giya ta dama su tare. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne maganaɗisun da ke kan sukurun, ɗan laushin garin ƙarfe ne kawai a jiki, babu ɓarɓashi manya, ma'ana haƙoran giyar ba su fara cin juna ba tukuna.

Mutane da yawa a nan suke kuskure, sai su juye sabon mai su rufe su ce sai baɗi. Ni gaskiya ban yarda da wannan ba ko kaɗan, ai ƙofar da ruwan ya bi ya shiga tana nan a buɗe. Kuma wanda ya bar ruwan a ciki har sanyi ya sauka ya fi kowa shiga uku, ruwa in ya daskare ƙaruwa yake da kusan kashi 9 cikin 100, tsaf zai tsaga kwankon.

Bayan man ya gama tsiyayewa na toshe bututun da ke zuwa 'yar gorar mai ta cikin jirgi, na ɗaura famfo mai geji a ramin sukurun, na hura iska har 10 psi a ma'aunin ƙarfin iska. Kada ka cika mata iska fiye da kima, da hannunka za ka ture sil, wato robar da ke hana yoyo, alhali lafiyarsa ƙalau. Na fesa ruwan sabulu a sukurori, da gindin sandar canza giya, da mahaɗar sama da ƙasa, ina juya farfela a hankali ina kallon allura. Minti 15 ba ta motsa ba, ko kumfa ɗaya babu. Har na fara zargin wosha ɗin sukurun, don sau tari wannan 'yar ƙaramar abar ce ke jawo komai in an maimaita tsohuwa.

Wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe a harkar ya leƙo ya ce ka gwada zuƙa kuwa? Ya aro min famfonsa mai zuƙe iska. Dalilin kuwa, oyil sil ɗin sandar farfela guda biyu ne sun ba juna baya, na ciki yana tare mai kada ya fita, na waje yana tare ruwa kada ya shiga. In ka hura iska na ciki kake gwadawa, na waje sai an zuƙa yake nuna halinsa. Ai kuwa ina zuƙa ina juya sandar sai ga allura tana komawa sifili a gaban idona.

Na cire farfela da ƙarfen da ke bayanta, sai ga zaren fatsa, koren nailan ɗin nan siriri, ya nannaɗe sandar ya narke ya zama kamar zobe, bakinsa ya shige ƙarƙashin leɓen robar ya yanka shi. Zaren da wani ya tsinka ya bari a ruwa ne. Wannan abu yana min ciwo sosai, ba don jirgi kaɗai ba, tsuntsayen ruwa ma haka yake ɗaure su.

Na bi sandar da farce ko sil ya ci mata layi, don in ya ci ko ka sa sabo yoyo zai ci gaba, alhamdulillahi sumul take. Na canza duka biyun, na sake hurawa na sake zuƙa, duk sun riƙe. Tunda na riga na ɓata hannu na zare ƙafar gaba ɗaya na leƙa cikin robar nan mai lanƙwasa da ke rufe jon, wato mahaɗar sandar da ke tsakanin inji da ƙafar, in ka ga mai a ciki to sil ɗin sama ne ke yoyo, nawa a bushe yake. Sabon mai kuma ta ramin ƙasa ake tura shi har sai ya ɓullo ta na sama don kada iska ta maƙale, ya sha kusan lita 2, na sa sababbin wosha na ɗaure. Na rubuta da alƙalamin maka a jikin tirela cewa in Allah ya kai mu bazara, duk wata zan riƙa cire farfela in duba bayanta.