Daga Salisbury zuwa Norfolk: Bin Sawun Masu Jifa a Gonar Orioles

Ɗana na fari yana da shekara 15 lokacin da kociyan makarantarsu a jihar Maryland ya ce yana da hannun jifa, kuma tun daga ranar wasan besbol ya shigo gidanmu ya zauna daram. Da hutun bazara na 2023 ya zo, sai ya roƙe ni mu zagaya ƙananan ƙungiyoyin da babbar ƙungiyar Baltimore Orioles ke rainon 'yan wasanta a cikinsu, waɗanda Amurkawa ke kira gona, domin ya ga yadda ake gane yaron da zai iya zama mai buɗe jifa, wato wanda ke fara jifa a wasa, a babbar gasar besbol ta Amurka. Tun bayan garambawul na 2021, kowace babbar ƙungiya daga cikin 30 tana da irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi guda huɗu, hawa-hawa, kuma na Orioles duk mota tana kai mutum gare su daga gidanmu cikin yini guda.

Mun bi hanya mai lamba 50 zuwa gabas, muka haye doguwar gadar mashigin Chesapeake, muka faɗa cikin gonakin masara da waken soya da dogayen rumfunan kiwon kaji har zuwa Salisbury. A nan Delmarva Shorebirds, matakin farko a cikin huɗun, take wasa a filin da aka sa wa sunan Arthur W. Perdue, wanda ya kafa kamfanin kajin da garin ya shahara da shi. Na sayi tikitin kujerun da ke bayan mai cafke ƙwallo, domin a nan masu farautar 'yan wasa suke zama da littattafansu da na'urar auna gudu.

Yaron da ya buɗe jifa a daren nan dogo ne siriri, bai fi shekara 20 ba. Tsakanin tudun jifa da inda mai bugu yake tsayawa ƙafa 60 ne da inci 6, wato mita 18 da ɗoriya, kuma ƙwallonsa tana cinye wannan tazara kafin ƙiftawar ido, ta faɗa safar mai cafke da ƙara kamar an fasa busasshen itace. Duk lokacin da allo ya nuna gudun mil 96 a sa'a, ɗana sai ya dafa gwiwata ya ce, "Abba, ka gani?" Wani dattijo da ke gefenmu, wanda ya ce ya daɗe yana wannan aiki, ko kallon allon bai cika yi ba. Idonsa yana kan ƙafar yaron ta gaba, ko tana sauka wuri ɗaya kowane jifa, da kuma safar mai cafke, ko tana tsayawa inda aka ajiye ta ko sai ta yi tsalle ta bi ƙwallo. Ya bayyana mana cewa suna ba kowane irin jifa maki daga 20 zuwa 80, inda 50 yake matsayin matsakaicin ɗan babbar gasa, kuma iya saita ƙwallo yana da nasa makin dabam. A zagaye na huɗu yaron ya fara gajiya, gwiwar hannunsa ta sauka, ya ba masu bugu biyu tafiya kyauta zuwa sansanin farko saboda jifansa yana kaucewa, kociya ya fito ya karɓi ƙwallo.

Wannan fili yana da tarihin da ya kamata duk mai ɗokin yaro ya sani. A nan Dylan Bundy, wanda Orioles ta ɗauka na 4 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2011, ya fara wasa a 2012, ya yi jifa na zagaye 30 ba tare da an ci maki ko ɗaya da za a ɗora a kansa ba. Kafin shekarar ta ƙare ya taka babbar gasa yana ɗan shekara 19. A 2013 jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa tiyatar nan da ake kira da sunan Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974, kuma bai sake jifa a babbar gasa ba sai 2016. Na ba ɗana wannan labari a mota da gangan, domin ina ganin yadda yake matsa wa hannunsa yana neman ƙarin gudu, abin kuma yana damuna ƙwarai.

Daga Salisbury muka gangara kudu ta hanya mai lamba 13, muka bi gadar nan mai tsawon kimanin kilomita 28 wadda take nutsewa ƙarƙashin ruwa sau biyu don jiragen ruwa su wuce ta sama, muka shiga Norfolk a jihar Virginia. Filin Harbor Park yana bakin kogin Elizabeth, kuma a nan Norfolk Tides, matakin ƙarshe kafin babbar gasa, take wasa. Bambancin a fili yake tun daga jifan farko, domin masu bugu a nan manya ne, da yawansu sun ɗanɗana babbar gasa, ba sa kai wa ƙwallon da ta kauce duka komai gudunta.

A Norfolk kowa yana maganar Grayson Rodriguez. An ɗauke shi na 11 a zaɓen 2018, ya bi matakan nan ana yi masa kallon wanda babu kamarsa, ya fara babbar gasa a Afrilun 2023, amma a wasanninsa goma na farko ana cin sa matsakaicin maki 7.35 a kowane zagaye tara. A ƙarshen Mayu aka mayar da shi Norfolk, alhali gudun ƙwallonsa bai ragu ba; matsalarsa ita ce yana barin ta a tsakiya, inda gwanaye suke jira. Da ya koma Baltimore a Yuli bayan ya gyara saiti, alƙaluman suka sauka zuwa 2.58 a ragowar kakar. A ganina wannan ne darasi mafi girma a tafiyar, domin hannun bai canza ba, wurin da ƙwallo take faɗawa ne ya canza.

Aberdeen, mataki na biyu a lokacin, garin shahararren tsohon ɗan wasan Orioles Cal Ripken Jr., ba mu samu zuwa ba, domin a makon ƙungiyarsu tana wasa a waje. Muka ƙare a Bowie, mataki na uku, kusa da gida, inda mutanen wasan suke cewa a nan ake rarrabe aya da tsakuwa. Na zauna da takarda ina yin abin da dattijon Salisbury ya koya mini, wato lura da yadda mai jifa yake yi idan jerin masu bugu tara ya zagayo masa karo na biyu da na uku. Wanda yake da jifa iri biyu kawai, miƙaƙƙe mai gudu da mai zamewa gefe, yakan tsira a karon farko, amma da zarar an gane shi sai a fara jiransa, kuma irinsa yawanci ana mayar da shi cikin masu karɓar jifa na zagaye ɗaya. Mai buɗe jifa yana bukatar na uku, galibi jifan yaudara, wanda hannu yake fita da ƙarfinsa kamar na mai gudu amma ƙwallo ta iso a makare. Matashin da muka gani a daren bai wuce mil 93 ba, sai dai a zagaye na shida, da mutum biyu a kan sansani, ya jefa wa mai bugu da hagu irin wannan jifa, mutumin ya kai duka tun ƙwallo ba ta iso ba har ya durƙusa da gwiwa ɗaya.

A hanyar gida na tuna wa ɗana cewa Kyle Bradish, wanda daga baya ya ƙare kakar 2023 ana cin sa matsakaicin maki 2.83 lokacin da Orioles ta ci wasa 101, ba da hayaniya ya zo ba. Yana cikin masu jifa huɗu da ƙungiyar ta karɓa daga ƙungiyar Angels a Disambar 2019 a madadin Bundy, kuma ta Bowie da Norfolk ya bi. Shi ma a Yunin 2024 an yi masa tiyatar gwiwar hannu, abin da ya sa har yanzu nake ƙidaya jifan ɗana da kaina a kowane wasa.

Washegari da la'asar na same shi a bayan gida ya tura ƙwallo can cikin tafin hannunsa, ya haɗa babban yatsa da manuniya sun yi zobe a gefenta, yana gwada riƙon jifan yaudara. Ya miƙo mini safa ya ce, "Abba, tsuguna ka riƙe ta a ƙasa, kada ka motsa ta." Na tsuguna, jifa bakwai na farko suka bugi ƙasa, na takwas ya shigo inda na ajiye hannuna.