Godiya ga waɗanda suka riƙe ni a zafin Alƙahira

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdulillahi, an yi arba'in lafiya, na gama wanka, yarinya tana nan tana ta tsotso. Hajiyarmu ma ta ajiye sanda, da ƙafarta take zagaya gida. Tun muna Masar na ƙudurta cewa in Allah Ya sauke ni lafiya zan fito fili in gode wa mutanen da suka tsaya mini, don akwai waɗanda ba ni da abin saka musu sai wannan da addu'a.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi ba: an sa wa Hajiya ranar aikin gwiwa a Alƙahira cikin watan Yunin 2024, ina da cikin wata shida. Mai jinyar da za ta yi mata wanka ta kai ta banɗaki dole mace ce, fasfon Yaya babba ya ƙare, auta tana tsakiyar jarrabawa, sai abin ya faɗo kaina. Mutane da yawa sun ce: "Ke da kika tashi a zafin Kano, wane zafi ne zai ba ki tsoro?" Allah Ya saka musu, ƙarfafa mini gwiwa suke yi. Amma a Kano watan Yuni damina ta fara sauka, can kuwa ko ɗigo ba a yi. Sau da yawa zafi kan haura digiri 40, a Aswan da ke kudancin ƙasar har ya wuce 50 a farkon watan. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Ga kuma ɗauke wuta, don a lokacin gwamnati tana rabon lantarki saboda ƙarancin gas, awa biyu kullum, daga baya aka mayar uku, har firaminista Mustafa Madbuli ya fito ya ba jama'a haƙuri.

Ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne, na sani. Sai dai a gida in an ɗauke, tabarma za ki ja zuwa tsakar gida, ga randa, ga inuwar darbejiya. Mu kuwa a hawa na takwas muka kama haya a unguwar Madinatu Nasr. Wuta na tafiya lif ya tsaya, injin da ke tura ruwa sama ya mutu, bangon siminti ya shiga maido da zafin da ya sha tun safe. Ba inda za ki fita.

Godiya ta farko ga likitata ta awo a Kano. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma ruɗe ni da cewa ba komai ba. Ta yi mini sikanin, ta rubuta takarda mai ɗauke da satin cikin, ta sa na sayi safa mai matse ƙafa, ta ce in riƙa tashi ina takawa a cikin jirgi saboda daskarewar jini. Ta duba katina na rigakafin shawara, da ta ga tsohon yana nan ta ce shi ke nan, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ita kuma ba a cika yi wa mai ciki ba sai dole. Likita, Allah Ya ƙara ilimi mai amfani.

Sai matar mai gadin benenmu. Baiwar Allah ce daga kudancin Masar, ita da mijinta da yaransu suna zaune a ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakala. Ba ta jin Hausa, Larabcina kuma na Islamiyya ne, in na yi sai ta yi dariya ta dafa ni. Ita ta fara lura ina jan ƙafa. Ta koya mini lokutan da ake ɗauke wuta a layinmu, ta nuna mini in cika bahon wanka da bokitai tun da safe, in jiƙa zani in rataya a taga, in daskarar da ruwa a gora in naɗe a tsumma in sa a wuya da hammata. In na dawo daga asibiti na tarar lif ba ya aiki, ba ta barina in hau. Kujerar robarta guda ɗaya za ta jawo mini, ta aika ɗanta ya sayo ruwan rake mai sanyi a bakin titi, in zauna nan ƙasa har a kawo wuta. Da na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna tana nuna cikina tana nuna sama. Ranar Babbar Sallah ta hawo mana da kwanon fatta, shinkafa da gurasa da nama da tafarnuwa, alhali na san naman nata ma ba ta aka yi.

A satin Sallar ne labarin Hajji ya fito, mutum sama da 1,300 suka rasu a zafin Makka, da yawansu Misirawa. Allah Ya jiƙansu. Waya daga gida ba ta tsaya ba, kowa na cewa in dawo. In dawo in bar Hajiya da wa?

Ranar da abin ya faru, na dawo daga wurin Hajiya da azahar, direban tasi ya sauke ni nesa da gida saboda cunkoso. Kafin in ƙarasa jiri ya ɗebe ni, bakina ya bushe, marata ta fara ɗaurewa tana saki, tana ɗaurewa tana saki. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san me zuciya ke faɗa a wannan lokaci. A nan ne Allah Ya kawo maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, 'yar Sudan. Da ta ji ina salati ina cewa "wayyo Allah marata", sai na ji an ce da ni: "Sannu 'yata, kwanta ta gefen hagu." Da Hausa. Ashe kakanninta Hausawa ne da suka tsaya a Sudan a hanyar Makka, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro su daga Khartum. Ta kwantar da ni a ɗakinta, ta cire mini hijabi da safa, ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba ni kaɗan-kaɗan da cokali, sannan ta ɗauki wayata ta kira lambar ƙarshe da na kira. Mama, kin bar gidanki da komai naki, kina zaman haya da jikoki, amma kika kwana a kan kujerar asibiti saboda ni. Allah Ya kawo ƙarshen yaƙin nan, Ya mayar da ke ɗakinki cikin aminci.

Lambar da ta kira ta ƙanenmu ce, ɗalibin likitanci da ke yi mana tafinta. Cikin jarrabawa yake, ya ajiye littafi ya zo da mota. Shi ya faɗa wa likitar mata daga inda muka fito, ya roƙi a haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro tunda jikina ya yi zafi. Yana da gaskiya, domin cutar ba ta cikin abin da likitocin can ke fara kawowa a rai. A watan Oktoban 2024 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Masar ta rabu da ita. Gwaji ya fito ba komai. Ruwan jikina ne ya ƙare, shi ya tayar da ciwon mara. Aka yi mini ƙarin ruwa, aka ɗaura na'ura a cikina, na ji bugun zuciyar yarinya, kafin asuba ciwon ya lafa. Likitar ta ce kada in jira ƙishirwa, in riƙa duba fitsarina, in ya yi duhu to ruwa bai isa ba, kuma daga hantsi zuwa la'asar kada ƙafata ta taka waje. Ita ce kuma ta rubuta mini takardar dawowa, don yawancin kamfanonin jirgi in ciki ya wuce sati 28 sai da takardar likita suke ɗaukar mace.

Daga ranar 'yan matanmu ɗaliban Azhar suka karɓi jinyar Hajiya da rana. Suka tsara a tsakaninsu, wannan ta zo yau, waccan gobe, su kai ta gashin ƙashi, su dawo da ita, ni sai bayan magariba in leƙa. Ɗaya har tuwon semo ta tuƙa mata da miyar lalo, Hajiya ta ce tunda ta zo ba ta ci abinci ba sai ranar. Iyayen da suka tura yaran nan karatu, ku sani tarbiyyarku ta bi su har can. Ban rubuta sunan kowa ba saboda sun ce kada in yi.

A 21 ga Yuli aka daina ɗauke wutar, muna shirin tahowa. Hajiya ta ce da sun sani sun fara da wuri.

Abban yara, ka riƙe gida da 'yan makaranta, ka sayar da abin da ka sayar ba ka faɗa mini ba sai da na dawo. Na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Surukata da ta tare a gidanmu, Umma, Allah Ya ja kwana. Yayyena da suka haɗa kuɗin aiki a shekarar da canji ya wahalar da kowa, abokan aikina da suka riƙe mini ajina, matan unguwa da suka yi ta sauke Alƙur'ani, ungozomar da ta karɓi haihuwata a Satumba, duk na gode. Wanda na manta ya yafe mini, kan mai jego ne.

Roƙona ɗaya. Mama 'yar Sudan tana da ɗa da ya rage a can, sai a daɗe ba ta ji muryarsa ba. Duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. In kuma akwai mai tafiya Alƙahira kwanan nan, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina da ƙullin kuka da daddawa da turmin atamfa biyu da nake so a kai musu ita da matar mai gadi.